Waƙoƙin Baba a Faifai Shida

Kwamfutar farko da na mallaka a gwanjo na same ta, a bayan ma'aikatarmu da ke Abuja, cikin tarin kujeru masu ƙafa uku da tafiretocin da suka karye a hanyar Legas. Farkon shekarun casa'in ke nan, lokacin da aka kwaso ma'aikata aka zube a sabon birni alhali babu gidajen da za su ɗauke mu. Manya suka samu wuri a ciki, mu ƙanana muka gangaro Suleja. Ni ɗan Zariya ne, aikina buga tafireta: maigida ya rubuta da biro ko ya faɗa da baki, ni in buga. Ciki da falo na kama haya a unguwar Magajiya, ni da matata da 'ya'yanmu biyu. Kullum in bi bas da sassafe in wuce ta gindin Dutsen Zuma, in dawo da yamma ƙafafu a kumbure saboda tsayuwa.

Tun ina ƙarami ni mai kwance-kwance ne. Babu agogo ko tocilan da ta shigo gidanmu ta fita lafiya. Sau biyu ina shan bulala a kan rediyon Baba, bulalar kuma ba ta yi magani ba. Da na girma sai ciwon ya samu albashi. Abokan aikina suna tarin sayen babur, ni ina bin rumfunan 'yan gwangwani ina tsintar waya da sukurori. Abin da na fi alfahari da shi kafin kwamfuta wata ƙatuwar lasifika ce da aka ciro daga wani tsohon gidan silima. Na yi mata akwatin katako da hannuna, mai murfi a sama don in riƙa buɗewa ina gyara, na haɗa ta da rediyon mota, na kafe akwatin can kusa da rufi don kada yara su tsokale ta da tsinke. A bayan lasifikar akwai wani baƙin ƙarfe mai kauri, maganaɗisu, wanda in ka kusantar da ƙusa sai ya fizge ta daga hannunka. Har nakan liƙa ƙananan sukurori a jikinsa don kada su ɓata.

Ita kuwa kwamfutar tsohuwa ce tun a lokacin, shi ya sa aka yar da ita. Akwatin ƙarfe ce mai nauyi da baki biyu a gaba, sai allo baƙi mai koren rubutu. Ba ta riƙe komai a cikinta. In aka ɗauke wuta, ko aikin da take yi ba ta tunawa. Duk abin da kake so ya zauna sai ka ajiye shi a faifai, wani baƙin abu mai laushi mai kusurwa huɗu, faɗinsa ya ɗan fi tafin hannu, kowanne da ambulan ɗinsa ta takarda. Ka sa ɗaya a bakin hagu ta koyi aikinta, ka sa ɗaya a bakin dama ta ajiye maka naka. Wata uku na yi ina fama kafin ta yarda ta kunnu. Ranar da koren ɗigon nan ya fara ƙyaftawa a allo, na fita tsakar gida ba takalmi ina kiran matata ta zo ta gani.

Ta zo da ludayi a hannu, ta duba, ta sake dubawa.

"Malam, wannan shi ne talabijin ɗin da ba ya nuna mutane?"

Sunan da ya bi ta ke nan a gidan. Ni ban damu ba. Na samo wani tsohon littafin koyo da bangonsa ya yage, na koya mata ta tambayi mutum sunansa ta yi masa sannu da zuwa. Wani maƙwabcinmu mai kawo doya daga Izom ya buga nasa da yatsa ɗaya, ta gaishe shi, ya ce "yawwa, sannu kadai" kafin ya tuna da wa yake magana. Mun yi mako muna dariyar abin. Amma in zan faɗi gaskiya, bayan wannan wasa ba ni da wani aikin da zan ba ta. Na kunna, na kashe, na goge mata jiki da tsumma, na rufe ta da zanen gado. Haka muka zauna har Baba ya zo.

Baba tela ne, mai ɗinkin manyan riguna a zaurenmu na Zariya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne yana rubuta waƙoƙi da ajami, kusan shekara arba'in yana yi. Ba ya rera su a taro, bai taɓa kai wa kowa ya buga masa ba. In abu ya tsaya masa a rai sai ya ajiye allura ya ɗauki alƙalami. Akwai na wa'azi, akwai na damina, akwai wadda ya yi wa tsadar zare, akwai na abokansa da suka rasu ɗaya bayan ɗaya. Yanar ido ta rufe masa gani, aka ce a kawo shi wurina a nemi aiki a asibiti. Ya zo farkon damina da 'yar jakar kaya da wata adaka ta ƙarfe da ya ƙi yarda a ɗora a saman mota, a cinyarsa ya riƙe ta tun daga Zariya.

Ruwan Suleja ba irin namu ba ne. In ya sauka sai bango ya yi gumi, takalmi ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Ɗakin namu kuma yana yoyo wuri uku. Da Baba ya sa na buɗe adakar sai na tarar tuni gara ta riga mu. Wasu takardun sun manne da juna, wasu in ka ɗaga sai gefensu ya zubo kamar garin tuwo. Ya sa hannu ya shafa, ya ji yadda suke marmashewa. Ni ɗan fari ne, ba ya kiran sunana, "kai" kawai yake cewa.

"Kai, wannan abu ba zai kai baɗi ba. Ni ma ban san ko zan kai ba. Abin da nake tsoro shi ne mu tafi tare."

Nan na ga abin nema ya samu. Na ce, "Baba, ai ga inji. In na zuba su a faifai, ko shekara ɗari za su yi. Ba gara, ba ruwa, ba mantuwa."

"Ba mantuwa?"

"Ba mantuwa, Baba."

Ya ce wanda ba ya mantuwa Allah ne kaɗai, amma mu gwada.

Haka muka kama aiki, Asabar da Lahadi, duk lokacin da aka kawo wuta. Karatuna na ajami na tafiyar hawainiya ne, rubutun Baba kuma siriri ne kamar ɗinkinsa. Don haka sai in ɗauki takarda in yi ta haɗa kalmomin farko, da ya ji sai ya karɓa da ka, yana faɗa ina bugawa da boko. Yana zaune a buzunsa, hannu ɗaya a gwiwa, yana ja da ƙaramar murya don kada maƙwabta su ji. In wuta ta ɗauke a tsakiyar waƙa, abin da ban riga na ajiye ba ya tafi, sai mu sake. Baba yakan yi murmushi ya ce, "Mai rashin mantuwar ta manta?" Ni kuma in kare ta, in ce laifin wuta ne, faifai dai ba ya mantuwa.

Akwai wani hali na masu buga tafireta da sai wanda ya yi aikin ya sani. Magana tana shiga kunne ta fita ta yatsu, ba ta bi ta kai. A ofis nakan buga wasiƙa mai shafi uku, a tambaye ni me ta ƙunsa in rasa. A wurinmu wannan ƙwarewa ce, domin mai tsayawa ya fahimta shi ne mai jinkiri. Da wannan hannun na buga waƙoƙin mahaifina. Shi yana zubo abin da ya tara shekara arba'in, ni hankalina yana kan ko layi ya daidaita, ko faifai ya kusa cika, ko fitilar injin ta yi ja. Ina jin daɗin ƙarar maɓallai fiye da yadda nake jin muryarsa. Wannan shi ne abin da har yau ban yafe wa kaina ba.

Waƙa ɗaya ce kawai na lura ta bambanta, ita ma don ya tsaya ne sau da yawa. Ina da ƙanwa da ta rasu shekarar da kyanda ta shiga unguwarmu, tana da shekara huɗu, ni ina da bakwai. Ba a maganarta a gidanmu. Da na haɗa kalmomin farko na wata takarda, Baba ya ce in jira. Ya sa aka fitar da yara tsakar gida. Ya ce wannan Innarmu ya yi wa, sau ɗaya tak ya karanta mata. Ya faɗa a hankali, yana gyara murya, ni ina bugawa. Ka'idarmu in mun gama waƙa in karanta masa ya ji ko akwai gyara. Wannan karon ya ɗaga hannu.

"Bar ta haka. Kada ka maimaita."

Ban maimaita ba. Na ajiye ta, na ciro takarda ta gaba.

Kafin ƙarshen damina muka gama. Faifai uku suka cika, na yi wa kowanne kwafi, suka zama shida. Yin kwafin nan ya sa na ɗauki kaina gwani, har ina ba abokan aiki labari a bas cewa mai hankali ba ya ajiye abu ɗaya. Ba ni da firinta, wato na'urar da ke fitar da rubutu a takarda. Injinan ofishinmu kuma sun koma amfani da ƙaramin faifai mai tauri, nawa mai faɗi ba ya shiga bakinsu. Akwai wani ɗan kudu mai shago kusa da tashar mota da yake buga wa mutane takardu yana kuma gyaran kwamfuta, na san yana da tsohon inji irin nawa. Sai na ce ba yanzu ba, sai na zauna na gyara kurakurai, na tsara su tsaf, sannan a buga a yi musu bango mai kyau.

Takardun kuwa sun zame wa Baba damuwa. Duk sanda muka buɗe adaka sai ɓurɓushi ya zuba a ƙasa, kuma babu takardar da ba ta fara da bisimilla ba. Wata rana ya ji matata tana shara, ya tambaya me take sharewa, ƙaramar 'yarmu ta ce takardar Kaka ce. Ranar bai ci abincin rana ba. A wurinmu takarda mai sunan Allah in ta lalace ba a barinta tana yawo a ƙasa ana takawa, ƙonawa ake yi ko a binne a wuri mai tsabta. Ya kira ni ya ce, tunda na ce komai ya shiga inji, a yi wa takardun sutura.

Matata ta ja ni gefe a bakin murhu. "Malam, da ka fara fitar da su a takarda tukuna. Ko a buhu ne a ƙulle waɗannan a rataye, me za su ci maka?"

Na ce mata takarda ai ita ce matsalar, ita gara take ci. Na yi mata bayani mai tsawo da kalmomin da na tsinta a yagaggen littafina. Ta ce to, ta ci gaba da tuƙin tuwonta. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa a lokacin ina jin kamar rawani aka naɗa mini.

A bayan gidan akwai wani mangwaro da ba a bi ta gindinsa. Can na haƙa rami da hantsi, har gwiwa. Na riƙo hannun Baba na kai shi. Muka naɗe takardun a farin ƙyalle, shi da kansa ya durƙusa ya lalubi ramin ya sa su, ya yi addu'a, na mayar da ƙasa. Da muka dawo ɗaki ya ce in ba shi faya-fayan ya taɓa. Na ciro su na ɗora masa a hannu. Ya jinjina su, ya shafa gefensu.

"Shekara arba'in ɗin ke nan? Ko nauyin hula ba su yi ba." Ya juyo inda nake. "Daga ina ka ciro su? Na ji ka sunkuya."

Na ce a kwali suke, ƙarƙashin tebur.

"Ƙarƙashin tebur. Kusa da takalma."

"Baba, ai ba rubutu ba ne da ake gani."

"Sunan Allah yana ciki ko ba ya ciki?"

"Yana ciki."

"To ka ɗaga su. Kada wani abu a ɗakin nan ya kasance a samansu."

Na ɗaga kai na dubi ɗakin. Saman kwaba yoyo yana sauka daidai wurin. Ƙusar bango danshi ya kama ta. Wuri ɗaya ne ya fi ko'ina tsawo kuma a bushe yake, ga murfi: akwatin lasifikata. Na yi murna da dabarar. Baba ya ba ni wani tsohon hiraminsa, na naɗe faya-fayan shida a ciki, da na asali da kwafinsu gaba ɗaya, na taka kujera, na buɗe murfin, na jingina su a jikin baƙin ƙarfen nan don kada su faɗi. Na sauko na gaya masa inda na sa su, ya ce madalla, Allah ya yi albarka.

Aikin ido bai yi nasara ba. Baba ya koma Zariya bayan kaka, ya rasu da bazarar da ta biyo. A tsakanin nan taransifomar unguwarmu ta ƙone, muka yi watanni ba wuta, kwamfuta tana lulluɓe da zanen gado. Da wutar ta dawo kuma zuciyata ba ta iya ba. In na dubi akwatin can sama sai in ce bari sai na ɗan warware. Hankalina a kwance yake, ina ganin Baba yana nan a ajiye, duk ranar da na so zan buɗe. A cikin watannin ne mai gidan da muke haya ya sare mangwaron, ya zuba ɗakuna uku a wurin, domin a lokacin ko kejin kaji ka gina a Suleja za ka samu ɗan haya. Ina wucewa ina yi wa magina sannu da aiki.

Inna ta zo bayan ta fita takaba, ta ce ta zo ganin jikoki. Mace ce da ba ta roƙon komai, ko ruwa take so sai ta tashi ta ɗebo da kanta. Ta yi kwana goma ba ta ce uffan a kan injin ba. Wata Asabar da hantsi, matata ta tafi kasuwa da yaran, ta zauna a bakin gado tana gyara bakin mayafinta.

"Babanku ya ce ka zuba karatunsa a wannan abin."

"E, Inna, duk suna nan."

"Akwai wata da ya yi shekarar kyanda." Ba ta dube ni ba. "Sau ɗaya na ji ta, kuma ranar ba na cikin hankalina. In ba wahala, ina so in ji."

Na ce wace wahala. Na taka kujera na sauko da hiramin, na yaye zanen gado, na kunna. Na sa faifai na biyu, don na tuna a nan take. Injin ya yi gurnani, ya yi shiru, ya sake gurnani. Sai ya rubuto da Turanci cewa ba ya iya karantawa, in sake gwadawa ko in haƙura. Na sake gwadawa. Na ciro, na hura masa iska, na mayar. Na sa kwafinsa. Na sa na ɗaya, na sa na uku, na bi shidan kaf. Amsa ɗaya. Gumi ya jiƙa mini riga, Inna tana zaune hannuwanta a cinya, tana kallon koren rubutun da ba ta iya karantawa.

"Ya ce me?"

"Ƙura ce ta shiga injin, Inna. Bari in kai a duba."

Ko wanka ban yi ba na nufi tasha. Mai shagon mutum ne mai fara'a, ya daɗe a garin, Hausarsa gauraye take da Turancin kasuwa. Ya sa faifan a injinsa, ya saurari gurnanin, ya ɗaga gira. Ya gwada na biyu. Ya ɗaga shi sama ya leƙa ko fumfuna ce, ya ga tas yake.

"Oga, wannan ba datti ba ne. Ina ka ajiye shi?"

Na gaya masa, har da ɗan alfahari, cewa wuri ne busasshe mai murfi, a cikin akwatin lasifika.

Ya ajiye faifan a hankali. "Cikin sifika? Kusa da ƙarfen baya? Wata nawa?"

"Ya fi shekara."

"Chai! Oga, magnet don chop am. Ya cinye shi. Rubutun nan da maganaɗisu ake yin shi, maganaɗisu kuma shi ke share shi. Ba ka ga wannan ba?"

Ya juya ambulan ɗin ya nuna mini bayanta. Akwai ƙananan zane a jere: kada a lanƙwasa, kada a bar shi a rana, kada a taɓa tsakiyarsa da yatsa. Na ƙarshe wani lanƙwasasshen ƙarfe ne an ja masa layi a kai. Na ga zanen nan ya fi sau ɗari. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me yake nufi ba, ni da na iya liƙa sukurori a jikin lasifika.

Da ya ji abin da ke ciki sai fara'ar ta bar fuskarsa. Ya ce shi ma mahaifinsa ya rasu, ko hotonsa ba shi da shi. Ya ce in bar masa su mako guda, yana da wata dabara ta tsinto abin da ya rage. Daga shagon na zarce bayan gidanmu, ban san me nake zaton zan gani ba. Ɗakin tsakiya shi ne daidai inda mangwaron yake. Ƙofar a buɗe take, an daɓe ƙasa da siminti, wata mata tana ta kai da kawo a ciki da silifas tana jera kwanuka. Ta ga na tsaya, ta tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau, na juya.

Bayan mako mai shagon ya miƙo mini takarda ɗaya, ya ƙi karɓar ko sisi. Abin da ya iya tsintowa ke nan daga faifai shida. Yawancinta tarkace ne, alamomi da haruffan da ba su haɗa komai ba. Nan da can kalma ta leƙo: damina, allura, ya Rabbi. Layi ɗaya ne kawai ya fito cikakke, can kusa da ƙasa. Na karanta shi a tsaye a bakin shago, motoci suna ta oda, na gane daga wace waƙa ya fito.

Na samu Inna a tsakar gida tana tsince wake. Na durƙusa na gaya mata komai, ban rage ba: ramin, simintin, lasifikar, da maganar matata da na ƙi ji. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da na fi samun sauƙi. Na ce layi ɗaya ya tsira, ta ce in karanta.

"Zanenki muka lulluɓa mata har bakin kabari."

Hannunta ya tsaya a cikin waken.

"Baƙin saƙi ne," in ji ta. "Ya dawo mini da shi a ninke. Ban sake ɗaura shi ba." Ta share ido da bayan hannu, ta gyara zama kamar mai shirin sauraro. "To, sai me ya ce?"

Na dubi takardar. Bayan layin babu komai sai tarkace. Na rufe ido na nemi muryarsa. Na tuna buzun, na tuna hannunsa a gwiwa, na tuna inda ya tsaya ya gyara murya, na tuna har jar fitilar injin. Kalma ɗaya ban samu ba. Ni kaɗai ne a duniya na ji waƙar nan daga farko har ƙarshe ina cikin hankalina, da yatsuna goma na buga ta, kuma ban saurara ba.

"Ban sani ba, Inna."

Ta ture farantin waken gefe. Sannan ta ce, "Kai ba ka ji ba da yana faɗa?"

Ta koma tsintar wakenta, ba ta sake tambaya ba.

Na je Zariya daga baya na bi tsofaffin da suke zama a zauren Baba. Ɗaya ya tuna amshin waƙar zare, ya rera mini yana dariya, ya kai tsakiya ya kakare. Sauran ba su ma san yana rubutu ba. Lasifikar na sauke ta na ba wani mai shayi. Kwamfutar ta ƙara shekara biyu tana gaishe da mutane kafin ta mutu, ban nemi gyara ta ba. Na sayi wasu bayanta, har yau ina kwance-kwance, hali ba ya barin mai shi, amma daɗin nan na ranar koren ɗigo bai sake dawowa ba.

Inna ba ta taɓa yarda cewa abin ya tafi gaba ɗaya ba. Ni na ce wa mijinta injin ba ya mantuwa, ita kuma ta riƙe maganar. Ranar da za ta koma ta ga faya-fayan a kan tebur, ta naɗe su da kanta a hiramin ta miƙo mini ta ce in mayar da su sama. Na so in ce mata babu komai a ciki yanzu, ko bisimilla babu, sai na kasa. Shekara tara ta ƙara a duniya. Duk zuwan da zan yi Zariya, in mun gama gaisawa, ta tambayi yara da mutanen gida, sai ta rage murya.

"Injin naka bai tuna ba har yanzu?"

"Tukuna, Inna."

"To. Allah ya sa ya tuna."

Faya-fayan suna saman kwabata a naɗe, babu abin da ke samansu. Rabon da in ga injin da bakinsa zai ɗauke su ya fi shekara ashirin.